Taku Biyun Lansilot: Soyayya da Mutunci a Labaran Baraden Turai

Akwai wani wuri a labarin Lansilot da mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes ya rubuta wajen shekarar 1180, wanda in ka gane shi to kusan ka gane duk rigimar da ke cikin labaran baraden Turai na wancan zamani. An sace matar Sarki Artur, Sarauniya Ginibiya, wani ɗan sarki mai suna Meleagan yayi gaba da ita ƙasarsu. Wani barde, wato Lansilot ɗin, ya bi sawu, yayi ta sukuwa har ya rasa doki, ya rage a ƙasa da sulke da kwalkwali da garkuwa yana taka sayyada. Sai yaci karo da wani wada yana tuƙa amalanke, ya tambaye shi ko ya ga sarauniya, wadan yace in kana son sani to hau, zuwa gobe zakaji labari. Matsalar kuwa, a yadda marubucin ya faɗa, amalanke a lokacin ita ake ɗora masu kisan kai da ɓarayi da 'yan fashi a zaga gari da su jama'a na kallo, kuma duk wanda ya taɓa hawa shikenan mutuncinsa ya zube, ba mai ƙara sauraronsa a fada balle a yi masa maraba. Barden ya ɗan yi jim, taku biyu kacal, sannan ya haye.

Gawen, ɗan 'yar uwar sarki, wanda shi ne ake buga misali da shi wajen ladabi da kamun kai, shima ya iso wajen, wada yayi masa tayi yace a'a, hauka ne mutum ya bar doki ya hau amalanke, sai ya bi su a baya bisa dokinsa. Suna shiga gari mutane suka fito suna ihu suna tambaya wai me wannan yayi, rataye shi za a yi ko ƙona shi? Bayan haka barden ya sha wahala iri iri, har da wata gada da takobi ce tsirara a shimfiɗe bisa ruwa mai ambaliya, ya cire sulken hannu da na ƙafa ya rarrafa a kai duk ya yayyanke. Da ƙyar ya isa, yayi faɗa da Meleagan, aka kai shi gaban sarauniya, baiwar Allah ta ɗauke kai tace bata da abun ce masa. Daga baya da suka shirya ya tambaye ta laifinsa, sai tace ba kaji kunyar amalanke ba? Ka tsaya har taku biyu kafin ka hau.

Wato a wajen mutanen gari laifinsa shi ne ya hau, a wajen masoyiyarsa laifinsa shi ne bai hau da sauri ba. Gaba kura baya sayaki. Kuma duk labaran nan, tun daga ƙarni na 12 har zuwa na 15, a kan wannan suke ta juyi: mutum ɗaya, iyayen gida biyu, sarki da jama'ar fada a gefe guda, mace a ɗaya gefen, kowa na cewa nawa ne kai.

Abun mamaki shi ne shekara tamanin kafin nan babu wannan zancen sam a adabinsu. Waƙar Rolan, wadda aka rubuta wajen 1100 kan wani barden Sarki Shalman da aka kashe a mashigar Roncevaux, faɗa ne zalla daga farko har ƙarshe. Rolan yana da budurwa da aka yi musu baiko, sunanta Od, amma da ya zo mutuwa abun da ya tuna shi ne ƙasashen da ya ci da yaƙi, da Faransa, da danginsa, da ubangidansa, yayi ta yi wa takobinsa kirari kaman mutum, ita kam ko sunanta bai kira ba. Ita ce dai da aka gaya mata ya mutu ta yanke jiki ta faɗi matacciya a gaban sarki, a 'yan layuka kaɗan aka wuce wajen. To ya akayi cikin ɗan lokaci haka mace ta koma ita ce mai riƙe da linzami?

Daga kudancin Faransa abun ya taso, wajen mawaƙan fada da ake kira turubado. Na farkon da waƙoƙinsa suka iso mu shi ne William na 9, sarkin Akiten, wanda ya rayu daga 1071 zuwa 1126, mutum ne mai bakin batsa a wasu waƙoƙin, amma a wasu sai kaji shi yana ƙanƙan da kai gaban mace kaman bara. Waɗanda suka biyo bayansa irin su Bernart de Ventadorn suka ɗauki yaren da bara ke yi wa ubangidansa mubaya'a da shi, na durƙusawa da haɗa hannu da rantsuwar biyayya, suka maida shi kacokan kan mace, kuma galibi matar aure ce mai matsayi sama da na mawaƙin. Jikar wannan William ita ce Elino ta Akiten, wadda ta auri Sarkin Faransa Luwis na 7 a 1137, aka raba auren a 1152 ta auri Henri wanda ya zama Sarkin Ingila. 'Yarta Mari ta auri basaraken Shampan, kuma ita wannan Mari ita ce ta sa Chrétien ya rubuta Lansilot, shi da kansa ya faɗa a farkon littafin cewa ita ta bashi labarin da ma'anar, nasa kawai wahalar tsarawa. A ɗaya ɓangaren kuma wani malami Geoffrey na Monmouth ya riga ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya wajen 1138, rabinsa ƙage, inda yace matan fadar Artur basa yarda su so namiji sai ya gwada kansa sau uku a fagen fama, wai da haka matan suka ƙara kamewa mazan suka ƙara jarumta. Daga wannan jimla aka gina masana'anta guda.

Amma fa adabi baya tsirowa a iska, sai ka duba su waye ke zaune suna sauraro. A gidajen sarauta na arewacin Faransa a lokacin an fi karkata ga bai wa babban ɗa gado kusan duka don kar ƙasa ta rarrabu, ƙannen kuma ko a tura su coci ko a basu doki da sulke a ce Allah ya bada sa'a. Masanin tarihi Georges Duby yayi dogon rubutu kan waɗannan, a takardun lokacin samari ake ce musu ko da mutum ya kai arba'in matuƙar bai yi aure ya kafa gida ba. Aure kuma ciniki ne tsakanin iyaye, ƙasa ake haɗawa, yarinya 'yar sha biyu sha huɗu a kai ta gidan wanda bata taɓa gani ba. To ka hango gida mai ganuwa cike da gwagware majiya ƙarfi ɗauke da makami, basu da mata basu da gona, mace mai daraja ɗaya ce ko biyu a gidan kuma ta maigida ce. Duby yana ganin wasan soyayyar nan ma maigidan ya fi amfana da shi, samari su yi ta gasa don matarsa ta kalle su, su koyi haƙuri da ladabi da biyayya, a ƙarshe shi suke yi wa bauta. Ni dai na yarda da rabin wannan, don bai bayyana dalilin da ya sa mata irin su Mari suke kashe kuɗinsu a rubuta musu labarin da mace ke juya gwarzon duniya da ɗan yatsa ba. Wadda aka aurar bada shawararta ba ai tana da nata dalilin.

William Marshal, wani barden Ingila na wancan ƙarni, shi ne misali na zahiri. Ba babban ɗa bane, ya taso ba shi da komai, sana'arsa gasar barade, kuma gasar nan a ƙarni na 12 ba 'yar sukuwar ado bace, ɗaruruwan mahaya ne a fili mai faɗin mil da mil suna kama juna don a ƙwace doki da sulke a karɓi kuɗin fansa, ana mutuwa sosai har coci ta haramta ta tun 1130. A 1168 an kama shi a wani kwanton ɓauna, Elino ce ta biya fansarsa. Wajen 1182 maƙiya suka yaɗa cewa yana neman matar ubangidansa, ƙaramin Sarki Henri ɗan Elino, yace duk mai faɗa ya fito a gwabza, ba wanda ya fito, amma dai sai da ya bar fadar na wani lokaci. Bai yi aure ba sai 1189 yana da shekara arba'in da 'yan kai, aka bashi Isabel de Clare, yarinya 'yar wajen sha bakwai mai gadon manyan ƙasashe a Wales da Ayalan. Wannan shi ne mafarkin kowane saurayi a cikin masu sauraron: ka yi suna, a baka magajiya. Shi ya sa in ka lura kusan duk budurwar da ake ceta a labaran nan tana da ganuwa da ƙasa kuma ba ta da ɗan'uwa namiji.

Shi mutunci a wajensu abu ne da yake zaune a bakin mutane. Abun da aka gani aka faɗa, shi ne kai. Barde in ya kayar da abokin gaba a daji baya barinsa haka, sai ya tura shi fadar Artur yaje ya faɗa da bakinsa wane ne ya kada ni, don nasarar da ba a ji ba kaman ba a yi ta bane. Ita kuwa soyayyar da suke waƙa sharaɗinta na farko rufin asiri. To ɗaya yana son shela ɗaya yana son ɓoyo, ta ina zasu zauna lafiya?

Chrétien ya gwada lissafin ta fuska biyu a littattafai biyu, kuma a ganina nan ne gwanintarsa take, fiye da Lansilot ma. A Erek da Enida, wanda ya fito wajen 1170, Erek ɗan sarki ne gwarzo, ya auri Enida 'yar wani talakan basarake saboda so, abu yayi daɗi, daɗin yayi yawa, ya daina fita gasa, sau da yawa sai rana ta take bai tashi daga gefenta ba. Har yanzu fa yana kyauta yana tura yaransa gasa da kaya masu kyau, amma fadawa suka fara gunaguni wai ya zama mijin-ta-ce, mace ta kashe masa zuciya. Ita ta fara jin zancen, wata safiya tana kallonsa yana barci ta fashe da kuka tana cewa kaicona ni na jawo maka, ashe yana ji. Ya tsare ta sai da ta faɗa. Bai musa ba, yace masu faɗa sun yi gaskiya, sai yace tashi ki sa rigarki mafi kyau ki hau doki ki wuce gaba, kuma kar ki kuskura ki min magana ko me kika gani. Suka shiga daji su biyu, ita ce a gaba don haka ita ke fara hango 'yan fashi, kullum sai ta tsaya tana shawara da zuciyarta, in nayi shiru a kashe shi in nayi magana yayi fushi, kuma kullum sai ta yi maganar. Wannan saɓa umarnin shi ne shaidar son da take masa, kuma shi gogan yana sane, yana masifa yana jin daɗi. Sai da ya suma aka ɗauka ya mutu, wani basarake ya ɗaura mata aure dole har ya mare ta don ta ƙi cin abinci, ihunta ya farkar da Erek ya tashi daga kan makara ya raba kan mutumin biyu, sannan ya rungume ta yace na gwada ki na gani. Mai karatu na yau dole ya tambaya, gwajin me? Shi ne fa ya kwanta barci, ita me tayi? Kusa da ƙarshe kuma marubucin ya kawo wani barde da budurwarsa ta ɗaure shi da alkawari a cikin wani lambu, ba zai fita ba sai ranar da aka kada shi, yana ta kashe duk wanda ya shigo ana tsire kawunansu a kan sanduna. Wato ga inda Erek zai ƙare da ya ci gaba da zama a ɗaki.

Iben kuma, barden littafi na biyun, akasin haka yayi. Ya kashe mai gadin wata maɓuɓɓuga ta sihiri, ya hango matar mamacin, Lodin, tana kuka a wajen jana'iza sai so ya kama shi. Kuyangarta Lunet, wadda ta fi kowa wayo a littafin, ta shawo kan uwar ɗakinta da hujja mai sanyi: wa zai tsare miki ƙasa yanzu, kuma tsakanin wanda ya kashe da wanda aka kashe wa ya fi jarumta? Ƙasar kabari bata bushe ba aka ɗaura aure. Sai ga Gawen ya zo da huɗubarsa, haba abokina kar ka zama cikin waɗanda aure ke lalatawa, taso mu tafi gasa. Lodin ta bashi izinin shekara ɗaya da zobe, tace in ka wuce wa'adi son da nake maka zai koma ƙi. Gasa tayi daɗi, yana ta cin nasara, ya manta. Rannan yana zaune a cikin manya gaban Sarki Artur sai ga 'yar aike ta sauka daga doki, ta gaida kowa banda shi, ta kira shi maƙaryaci mayaudari ɓarawon zuciya, ta zare zoben daga yatsarsa. Nan take ya haukace, ya yayyaga tufafi ya faɗa daji tsirara yana cin ɗanyen nama. Da ya warke bai koma da sunansa ba, ya ceci wani zaki daga maciji, zakin ya riƙa binsa, aka riƙa ce masa Barde Mai Zaki, kuma daga nan faɗansa ya daina zama na neman tafi, ya koma na ceton waɗanda aka zalunta, har da wasu 'yan mata 300 da aka tsare suna saƙar alharini dare da rana a kan ladan da baya ciyar da su, wani wuri da in kana karantawa sai ka manta tatsuniya ce. A duka littattafan biyu auren ya gyaru a ƙarshe, don mata da miji ne, ana iya daidaita lokacin gida da lokacin fage.

Lansilot ne ba ya daidaituwa, don matar ta sarkinsa ce. Kuma akwai alamar shi kansa Chrétien yana 'yar dariya ƙasa ƙasa. Gwarzon duniya ya tsinci matajin sarauniya da 'yan silin gashinta a jiki ya kusa faɗowa daga doki, yana shafa gashin a ido da baki. Ana tsakiyar faɗa ya hango ta a taga sai ya juya wa abokin gaba baya yana kai sara ta baya don kar ya daina kallonta. A wata gasa ta aika masa cewa yayi mafi munin abun da zai iya, ya wuni yana gudu yana kuskure mutane na masa eho, sai da ta tabbatar shi ne kuma a tafin hannunta yake sannan tace to yanzu nuna musu. Marubucin bai ma ƙarasa littafin ba, wani Godefroi de Leigni ne ya rubuta ƙarshensa. Daga kan wannan littafi ne masanin Faransa Gaston Paris ya yaɗa sunan soyayyar fada a 1883, aka yi ta koyar da ita kaman wata doka ce da kowa ke bi a lokacin, alhali ko littafin Andreas Capellanus da ake kafa hujja da shi, mai ƙa'idojin so 31 da hukuncin da aka jingina wa Mari cewa so na gaskiya ba ya yiwuwa tsakanin mata da miji, kashi na ukunsa gaba ɗaya zagin mata ne da gargaɗin a guji soyayyar.

Inda abun ya fi damuna shi ne ɓangaren mace. Namiji in mutuncinsa ya zube yana da hanyar dawo da shi, ya hau doki ya kada mutum goma. Ita nata guda ɗaya ne, kar a ce ta san wani namiji, kuma in an ce ɗin wuta ce. Don haka duk dabarar ta koma kan yadda za a yi rantsuwar da harafinta gaskiya ne cikinta ƙarya. A daren da Lansilot ya lanƙwasa ƙarafan taga ya shiga wajen sarauniya ya yanke a yatsu, jini ya ɓata shimfiɗa, da safe aka zargi Kay, wani barde mai rauni da ke kwance a ɗakin, sai Lansilot ya fito ya rantse cewa Kay bai taɓa ta ba kuma zai kare hakan da takobi. Gaskiya ya faɗa ai. A labarin Tiristan da Isol wanda Béroul ya rubuta abun ya fi haka. Tiristan ya je ɗauko wa kawunsa Sarki Mark amarya daga Ayalan, a jirgi suka sha maganin mallakar da aka haɗa don ango da amarya bisa kuskure, shikenan. Da zargi yayi yawa aka ce ta rantse a gaban jama'a, sai ta shirya Tiristan yayi shigar kuturu ya zauna a bakin wata fadama, ta sa ya goya ta ya tsallakar da ita kowa na kallo ana dariya, sannan ta ɗora hannu kan kayan tsarki tace ba namijin da ya taɓa kusantar jikinta haka sai mijinta da kuturun nan da kuka gani. Aka ce ta wanku. A rubutun Bajamushe Gottfried von Strassburg na wajen 1210 ƙarfe mai zafi ta riƙe bai ƙone ta ba, marubucin har da habaicinsa ga masu ganin ana iya gane gaskiya ta irin wannan gwaji. Kuma a duka labaran wa ake tsinewa? Fadawan da suka kai wa sarki rahoto. Su da suka faɗi gaskiya su ne munafukai 'yan hassada.

A zahiri kuwa ba a wasa. A 1314 aka zargi surukan Sarkin Faransa Filib na 4, Margaret da Blanche, matan 'ya'yansa, da neman wasu barade biyu 'yan gida ɗaya, Philippe da Gautier d'Aunay. Mazan aka azabtar da su aka dandaƙe su aka kashe su a bainar jama'a, matan aka aske musu kai aka kulle a kurkukun Château Gaillard, Margaret ta mutu a can a 1315. 'Yarta Jan kuma shakkun da aka sa a kan ubanta yana cikin abun da ya taimaka aka tsallake ta a gadon sarauta bayan rasuwar mahaifinta a 1316. Nan zaka ga abun da ake tsaro da gaske, jini ne da gado.

Wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanci waƙoƙin Larabawa zai ji wasu abubuwan nan ba baƙi bane. Antara ɗan Shaddad yana ambaton Abla a tsakiyar masu da takubba, Majnun ya shiga daji saboda Laila kaman yadda Iben ya shiga, sannan Ibn Hazm na Andalus a Ɗauƙul Hamama, wanda ya rubuta a shekarun 1020, yana da babi kan ɓoye sirri da babi kan yi wa masoyi ɗa'a da na ɗan aike da na mai sa ido da na annamimi, kuma mai sa ido da annamimin nan suna nan daram a waƙoƙin turubado. Masu cewa daga Andalus abun ya tsallaka suna kawo yaƙin Barbastro na 1064, inda mahaifin William na 9 yana cikin jagorori kuma aka kwashi kuyangi mawaƙa aka yi arewa da su. Wasu masanan suna cewa tushen na Latin ne, daga Ovid mawaƙin tsohuwar Rum da waƙoƙin coci, muhawarar tana nan har yau. Bambanci dai ɗaya a fili yake, Ibn Hazm ya rufe littafinsa da munin saɓo da falalar kamewa, su kuwa Lansilot da Tiristan ba a taga suka tsaya ba.

Malaman coci basu bar abun haka ba. Tsakanin 1215 da 1235 aka rubuta wani dogon jerin labaran Lansilot a zube, a ciki aka shigo da neman wani ƙoƙo mai tsarki da aka ce Annabi Isa ya yi amfani da shi a jibinsa na ƙarshe, aka juya ma'auni gaba ɗaya: son da ya mai da Lansilot gwarzon duniya shi ne ya hana shi kaiwa. Ya hango daga bakin ƙofa, ya matsa zai shiga aka buge shi ya kwanta kwana 24 bai san inda yake ba. Ɗansa Galahad, wanda bai taɓa sanin mace ba, shi ya samu. Dante mawaƙin Italiya ma a farkon ƙarni na 14 ya sa Faransiska da ƙanin mijinta Pawulo a cikin wuta, tana ba da labari cewa littafin Lansilot suke karantawa su biyu, da suka zo wajen sumba sai karatu ya tsaya a ranar. Wato tun lokacin ana cewa littattafan soyayya na lalata tarbiyya.

Wani mawaƙin Ingila da ba a san sunansa ba, a ƙarshen ƙarni na 14, ya kai tambayar wani wuri daban a labarin Gawen da Koren Barde. Gawen baƙo ne a wani gida, sun yi yarjejeniya da maigida cewa duk abun da kowa ya samu da rana zai ba ɗan'uwansa da yamma. Maigida na fita farauta uwargida na shigo masa ɗaki, kwana uku a jere, in ya kore ta ya saɓa ladabin mata da aka san shi da shi, in ya biye mata ya ci amanar mai masauki. Ya zame da daɗin baki, sumbar da ta bashi ya mayar wa mijin cif cif, amma rana ta uku ta bashi wata koriyar ɗamara tace mai sanye da ita ba ya mutuwa, shi kuma gobe zai je wajen Koren Barde a sare masa wuya bisa wani alkawari da suka yi, sai ya ɓoye. Ba wanda ya gani a fada, Koren Barden da ya gwada shi, wanda ashe shi ne maigidan, shima yace laifin kaɗan ne tunda ranka ka so, ya ɗan yanke shi a wuya ya sallame shi. Amma Gawen ya koma gida fuska ja don kunya yana tona wa kansa asiri, fadawa suka kwashe da dariya suka ce kowa ma ya ɗaura koriyar ɗamara a zama ɗaya. Shi yana maganar abun da ya sani a ransa, su suna maganar abun da za a gani, har aka tashi ba wanda ya fahimci wani.

Thomas Malory, wanda ya gama nasa littafin Mutuwar Artur a kurkuku wajen 1470, shi ya bi lissafin har ƙarshe. Yace sarki ya daɗe yana da zato amma baya son a faɗa, saboda Lansilot ya yi masa hidima da yawa. Muddin ba a furta ba fada lafiya lau. Agraben da Modred, 'yan'uwan Gawen, suka furta, suka tsare ƙofar ɗakin sarauniya da barade goma sha biyu, Lansilot ya kashe su duka banda Modred, doka ta tilasta wa sarki ya yanke wa matarsa hukuncin ƙonawa. Lansilot dole ya zo ceto tunda a dalilinsa ne, a cikin turmutsitsi ya sare Garet da Gaheris, ƙannen Gawen, basu da makami kuma bai ma gane su ba, Garet ɗin nan shi da hannunsa ya naɗa shi barde. Gawen dole ya nemi jinin 'yan'uwansa. Artur dole ya bi Gawen zuwa Faransa, Modred ya ƙwace gadon sarauta a baya. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya kauce wa abun da mutunci ya ce yayi, kuma da haka kowa ya mutu. Artur da kansa yace rashin baradensa ya fi masa ciwo kan rashin sarauniya, don sarauniyoyi zai samu da yawa amma irin wannan taron maza ba zai ƙara haɗuwa ba. Ginibiya ta shiga gidan zuhudu a Amesbury, Lansilot ya zo ya roƙi sumba ta ƙarshe ta hana shi. Duk da haka Malory bai yarda ya zage ta ba, yace masoyiya ce ta gaskiya shi ya sa ta yi kyakkyawan ƙarshe, kuma game da abun da suke yi a ɗaki daren da aka kama su cewa yayi ba zai shiga zancen ba, soyayyar da ba irin ta yanzu bace.

A cikin littafin nan ne kuma ya sa baraden Artur rantsuwa duk shekara cewa ba za su yi kisan gilla ba, za su ji ƙan wanda ya nemi ahuwa, za su taimaki mata kuma ba za su taɓa yi musu ƙarfa-ƙarfa ba. Mutumin da yawancin masana suka tafi a kan shi ne marubucin, Thomas Malory na Newbold Revel, takardun kotu na 1451 sun tuhume shi da yi wa basaraken Buckingham kwanton ɓauna, da fasa gidan ibada na Coombe ya kwashi dukiya, da satar dabbobi, da yi wa matar wani fyaɗe har sau biyu, sau ɗaya ma ya tsere daga inda aka tsare shi ta hanyar iyo a ruwan ganuwa. Ya rasu a 1471, William Caxton ya buga littafin a 1485.